Kan Allurar Garmahon Kawu

Kawuna direban babbar mota ne har ƙafafunsa suka ce sun gaji, kuma ko bayan ya ajiye tuƙi bai daina kallon duniya ta gilashin mota ba. In yaro ya yi rashin ji, birkinsa ne ya shanye. In gwiwa ta dame shi, ai garambawul take so. Yana da taurin kai irin na mutanen da suka daɗe su kaɗai a hanya babu mai ce musu a'a. Ina ƙaunarsa ƙwarai, amma na sha fita daga ɗakinsa raina a ɓace.

A ɗakin nan, tsakanin gado da taga, akwai garmaho mai akwatin katako, hannunsa da ke riƙe da allura na ƙarfe ne mai kauri. Faifai ɗaya tak Kawu ya damu da shi. Yayansu ne shi da mahaifiyata, wanda ya riƙe su bayan rasuwar iyayensu, ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa, ya shiga wani shago inda ake ɗaukar muryar mutum, ya yi 'yar waƙa, sannan a ƙarshe ya yi wa Kawu magana, shi kaɗai. Faifan ya iso gida, shi kuwa Yaya bai taɓa dawowa ba. Mahaifiyata ma da ta san muryarsa ta rasu. Duk abin da ya rage na mutumin nan a duniya yana cikin siririn zanen da ke zagaye faifan.

Tun ina ƙarama nake ganin tsohon kwabo manne da salatif a bakin hannun garmahon. Faifan ya ɗan lanƙwashe, allura tana tsalle, shi kuma Kawu ya san maganin tsalle. "Mota in babu kaya rawa take yi a hanya," in ji shi. "Ɗora mata kaya ki ga ta nutsu." Ta nutsu kuwa. Sai dai shekara da shekaru muryar tana ta dusashewa, har ta koma kamar mai magana daga cikin ruwan sama.

Ranar da allurar ta karye ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini, kuma in ya ja sunan na san akwai aike. Muka ɗauki garmahon zuwa wurin mai gyara, faifan kuwa yana naɗe da tawul a ƙirjin Kawu.

Shagon ƙunci ne da shi, rediyoyi a jibge har rufi. Mai gyaran ya cire kwabon da farce, ya ɗaga faifan saitin haske ya daɗe yana dubawa. Ya nuna mana kan allura, wato ɗan ƙaramin akwatin da allurar take maƙale a ciki, wanda ake ɗaurawa a bakin hannu.

"Baba, wannan kan ya gama yayinsa. Amma ba kowane kai ne zai zauna a hannun nan ba. Hannunka mai nauyi ne, kai mai tauri yake so. Akwai masu laushi, suna fitar da sauti mai daɗi, amma na hannu marar nauyi ne. In ka sa su a nan za su durƙushe."

"Sifirin kenan," in ji Kawu, ya ji an shigo fagensa, ya tuna ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyin mota.

"Sifirin kenan. Kuma faifan nan ba irin na kasuwa ba ne, fuskarsa taushi gare ta, kowane juyi cinye shi yake. Ka bar mini shi in ɗora a nawa garmahon sau ɗaya, in kwafe muryar in sa maka a waya."

Kawu ya ƙara rungume tawul ɗinsa. Ya ce shi ba zai bar yayansa ya kwana a shagon wani ba, kuma ba zai zuba shi a cikin abin da ke faɗawa bokiti ya mutu ba. Na ce ai a gabanmu za a yi. Ya ce in bari ya yi shawara. Na san wannan shawarar, a'a ce da ta sa riga.

A waya ya yi shawarar, da ɗansa da ke aiki a wani gari. Shi kuwa ɗan, da zuciya ɗaya, ya bincika wane kai ne masana suka fi yabo, ya aiko da shi a cikin ɗan kwali mai sheƙi. Mai laushi ne, irin wanda aka ce kada a sa. Na tuna wa Kawu maganar mai gyara.

"Uwata, shi mai shago abin da ke kantarsa yake so ya sayar. Wannan ɗana ne ya zaɓo wa muryar baffansa."

 Ya ɗaura kan da kansa da rana tsaka, tabarau a kan hanci, yana juya 'yan kusoshin. Da ya sauke allurar, waƙar ta fito tas, yadda ban taɓa jin ta ba, har numfashin mai waƙar ana ji. Kawu ya dube ni da murmushin wanda ya ci gardama. Amma ni idona yana kan hannun. Duk sanda faifan ya zo wurin lanƙwasar sai kan ya nutse ya taso, yana lilo, cikinsa na neman taɓa faifan. Da aka kusa ƙarshe, daidai inda waƙa ke ƙarewa magana ta fara, allurar ta yi tsalle.

Kafin in buɗe baki ya ɗauko kwabon daga kan taga ya ɗora. Hannun direba ne, ya riga tunaninsa. Siririyar sandar da ke riƙe da allurar ta lanƙwashe nan take, ƙarfen kan ya zauna a kan faifan yana juyawa, muna jin ƙarar kankara. Na zare wayar wuta daga bango. Wani farin zare ya naɗe a gefen kan, fatar faifan ce ta ɓare.

Kawu ya zauna a bakin gado, ya ɗora hannayen nan biyu a gwiwa yana kallonsu. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, tausayin ya fi yawa.

Washegari shi ya ce mu koma. Mai gyara bai ce ai na faɗa ba, Allah ya saka masa. Ya ɗora faifan a nasa garmahon, ya daidaita nauyi a hankali, ya kwafe abin da ya samu. Waƙar ta tsira. Maganar kuwa, daga "ƙanina" sai shuuu har ƙarshe.

Ya ɗaura wa garmahon Kawu kai mai tauri wanda ya dace da hannun, amma Kawu bai sake ɗora faifan ba. A wayata muke saurare in na je. Ranar farko, da waƙar ta ƙare aka shiga shuuu ɗin, sai na ji ya cike gurbin da bakinsa, a hankali:

"Ƙanina, ka kula da ƙanwarmu, kada ka yi gudu a hanya, ina nan dawowa da..."

Ya tsaya. Ya sake farawa, ya canza kalma ɗaya, ya sake tsayawa. Ya juyo ya dube ni.

"Uwata, da damina ya ce, ko da rani?"

Ni tun da na taso ban taɓa jin wurin nan sosai ba, kuma ban da shi, duk wanda ya taɓa ji ya mutu. Ya ci gaba da kallona yana jira.