Mabuɗin da Fassouma ta jefa a rafi

Duk wanda ya san Fassouma ta unguwar Glenwood ya san mace ce mai tsoro, ita ma ba ta musu. Tana tsoron karnukan Turawa ko suna ɗaure, tana tsoron motar 'yan sanda ko ita a ƙasa take tafiya. Mijinta Amadou, direban babbar mota, yakan ce ko labule ya motsa sai ta yi a'uziyya. Amma babban abin tsoronta tun tana yarinya a Mirriya, kusa da Damagaram, shi ne sammu. A hannun kakarta ta tashi, tsohuwar da ake kira in gida ya rikice, ta tona bakin ƙofa ta ciro ƙulli. Ita ta koya mata cewa ƙarfe naɗe a tsumma ƙarƙashin kan mutum, to an kulle mutumin nan ne. Maganinsa ruwa mai gudu: a jefa ta baya, a tafi ba waiwaye, kuma ba a shela, don sau da yawa mai aikin yana cikin gida.

Aikinta a nan birnin Greensboro na Amurka kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma Allah ya ba ta hannu. A bara aka haɗa ta da Hajiya Ibtissam, wata tsohuwa a unguwar Sedgefield da ke zaune da 'yarta Malika. Fassouma dai ta san Balarabiya ce, tana salla, ba ta tambayi sauran ba. Ciwon mantuwa ya ci tsohuwar, har sunan 'yarta yakan ɓace mata, kuma da la'asar sai ta sa takalmi ta tsaya bakin ƙofa ta ce gida za ta. Fassouma ta so ta, so na gaske, tana taje mata kai tana kiranta Mama.

Wata safiya tana canza rigar filo hannunta ya taɓa abu mai tauri. Baƙin ƙyalle ne mai jan ɗinki, an ɗaure da zare, a ciki kuma wani ƙaton mabuɗin ƙarfe duk tsatsa. Ashe wannan ne ya ɗauke wa baiwar Allah hankali, likitoci suna ta lalube! Ba ta ce wa kowa uffan ba. Da ta tashi aiki ta bi ta rafin da ya ratsa gefen filin golf, ta yi addu'o'inta, ta juya baya ta wurga shi, ta tafi ba ta waiwaya ba.

Daga ranar Hajiya ta daina cin abinci. Hannunta kullum yana ƙarƙashin filo yana lalube, bakinta na motsi. Malika ta ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ta kira likita. Fassouma kuwa ta ce a ranta sammun ne ke fita, dama ba ya fita da daɗi.

Ran Lahadi ta shiga gidan maƙwabciyarta Anti Yemima, nas ce 'yar Filato, don ta yi wa Prisca kitso. Prisca ɗaliba ce a jami'ar da ke kusa. A gidan ne mata ke taruwa bayan coci su karanta littafi su yi ta gardama, Fassouma kuwa ba ta iya karatun Ingilishi ba, nata sauraro. Wannan karon labarin wata Bafalasɗiniya ne da aka kora daga ƙauyensu tana yarinya, ta tsufa a sansanin 'yan gudun hijira.

"Ni dai book ɗin nan ya gajiyar da ni," in ji Prisca, kanta na bisa gwiwar Fassouma. "Daga tanti sai layin ruwa sai kuka. Ba ko love story mai kyau."

Wata mai suna Serah ta ce ita damuwarta marubuciyar ta kalli gefe ɗaya ne kawai. Anti Yemima ta ce ai labarin mace guda aka ba su, ba shari'a aka kira su yankewa ba. Ta ce wurin da uwar ta ɗora tukunya a wuta ta fita da niyyar dawowa kafin ta nuna, da ta karanta shi sai da ta rufe littafin, domin ita ma haka ta bar nata gidan a rikicin Jos.

"Wannan na yarda, Anti," in ji Prisca. "Amma maganar key ɗin nan fa an ƙara gishiri. Mace ta riƙe mabuɗin gidan da aka rushe tun tana yarinya, ta naɗe a ƙyalle tana kwana da shi ƙarƙashin filo har ta tsufa? Haba!"

Anti Yemima ta ce, "Ba gishiri, 'yata. Haka suke yi. Uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika. Wasu shi kaɗai suka fito da shi."

Tsinken kitson ya suɓuce daga hannun Fassouma. Tana ganin bakunan matan na motsi ba ta jin komai. Da ƙyar ta miƙe ta shige kicin. Anti Yemima ta biyo ta, ta same ta durƙushe gaban firji.

"Anti, na kashe kaina," in ji ta. "Patronne tawa, uwar ɗakina Mama Ibtissam, ina ne garinsu?"

"Ke da ke aiki a gidan ba ki sani ba? Ba kin ce an haifi 'yarta a camp na 'yan gudun hijira a Lebanon ba? Ai Bafalasɗiniya ce."

Nan ta faɗi komai. Anti Yemima ta dafe ƙirji ta ce, "Ya Yesu!" Ba ta yi mata faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi.

Da rana tsaka suka tafi rafin. Matar da ke tsoron tsutsa ta tattare zane ta shiga laka har gwiwa. Ta ciro ƙwallayen golf, ta ciro gwangwani, ta yanke a tafin hannu. Anti Yemima daga baki tana tambaya, ta wane gefe ya faɗa? Ina za ta sani, ita da ta bi ƙa'idar kakarta tsaf ba ta waiwaya ba? Ga shi an yi ruwan sama a tsakani. Tsoron kora daga aiki ya zo mata, tsoron 'yan sanda ya zo, amma wanda ya danne su duka shi ne kada tsohuwar nan ta mutu tana lalube.

Prisca ce ta kawo shawara, wai a shagunan tsofaffin kaya na titin Elm ana samun irin mabuɗan nan, kuma matar da ba ta gane 'yarta ba ina za ta gane ƙarfe? Anti Yemima ta ce babu hannunta. Fassouma ta san ha'inci ne, amma tsoro ya kai ta. Ta je shagon ta zaɓi mafi kama da wanda ta jefar, ta naɗe a baƙin ƙyalle, washegari bayan Malika ta fita aiki ta tura shi ƙarƙashin filo, ta koma gefe tana jira.

Hannun Hajiya ya same shi. Fuskarta ta washe, ta warware ƙyallen da sauri. Ba ta ko kalle shi ba, babban yatsanta kawai ta bi da shi a kan haƙoran, sau ɗaya. Murmushin ya tafi. Ta kamo hannun Fassouma, wanda ya yanke, ta sa mata mabuɗin ta naɗe mata yatsu a kai, ta yi magana da Ingilishinta mai rawa, a natse kamar ba mai ciwo ba.

"Wannan ba namu ba ne, 'yata. Yi sauri ki kai wa masu shi. Suna can tsaye a waje, sun kasa shiga."

Sannan ta mayar da hannunta ƙarƙashin filo ta ci gaba da nema. Fassouma ta fita baranda, ta ciro waya ta kira Malika, tana kuka tun kafin a ɗauka.