Gadon Inna Bai Shiga Mota Ba

Shekarar da zuwa gona ya gagare mu, Baba ya ce za mu bar ƙauyenmu na bayan Adabka mu koma Sakkwato wurin ƙanensa. Ni da farko murna na yi, don an ce mini can ko kaji ƙarƙashin fanka suke kwana.

Baba ya sayar da sanmu na noma, ya je tashar Gummi ya nemo shatar kanta, wato motar kaya ɗaya mu kaɗai. Direban ya zo a kan babur don ya ga kaya kafin ya yanka kuɗi. Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai an yi cigiyarsa. Na laɓe a zaure ina sauraro. Ya ce nisa da kuɗinsa, ramukan hanyarmu da nasu, ga 'yan dako, ga ɗan kamasho, ga komowar da zai yi ba kaya, ita ma mu za mu biya. Na ce a raina saura kuɗin iskar da zai shaƙa.

Ba shi da sikeli sai ido. Ya zagaya buhunan gero da aka jera a ƙofar gida, ya taɓa garma da turmi, sannan ya nuna cikin gida da haɓa.

"Ciki fa, Malam?"

Baƙon namiji ba ya wuce zaurenmu, ko da sarkin direbobi ne. Baba ya ce, "Tarkacen mata ne, ba su da yawa."

Ba ƙarya ya yi niyya ba. Shekara da shekaru yana shiga ɗakin Inna, bai taɓa ɗaga ko faifai ba. A kan wannan magana aka yi ciniki, aka tafa.

A ɗakin akwai gadon ƙarfe mai rumfa, na mahaifiyar Inna. A kansa Inna ta yi jegonmu duka, a kansa kuma kakarmu ta cika. Nauyinsa kuwa, ina jin da ƙarfensa za a ƙera wa Bukkuyum kaf fartanya har a yi ragi.

Ranar tafiya 'yan dako suka fara da abin da ke waje. Na ciki mu mata ne za mu fito da shi zuwa zaure. Kwanuka da akwatuna suka fita lafiya. Gado ya ƙi kwantuwa, tsatsa ta cinye kusoshinsa. Muka zuba man gyaɗa, na buga da taɓarya har maƙwabciyarmu ta ce, "Ke ɗiyar nan, gado za ki kwance ko sakwara kike daka?" Ƙarshe a tsaye muka kinkimo shi, muna nishi, muna goge bango.

Kafin mu fito mota ta cika. Direba ya dubi gadon, ya dubi Baba.

"Malam, wannan shi ne tarkacen? Ai wannan ƙofar gari ce."

Ya durƙusa ya cusa hannu tsakanin taya da jikin mota. Yatsunsa suka shiga da ƙyar. Ya ce nan ne iyakarsa, in ya ƙara, ramin farko zai karya masa mota a inda ba mai son tsayawa. Ko dai a biya sawu na biyu, ko a sauke gero a sa gado.

Kuɗin san da Baba ya sayar ya riga ya ƙare. Baba ya tsaya yana murza hularsa, sannan ya ce wa 'yan dako, "Ku sauke geron."

Sai muryar Inna ta fito daga zaure, ba ƙarfi.

"Malam, a bar geron. Yara ba su cin ƙarfe."

"Na Inna ne fa," in ji Baba. Haka shi ma yake kiran kakarmu.

"Na sani."

Ta fito da lulluɓinta, ta sa bakin zanenta ta goge man gyaɗan da muka ɓata ƙafafun gadon da shi, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wa maƙwabciyarmu ta shigar da shi kafin ruwa ya sauko, kada ta bar yara su yi tsalle a kai. Maƙwabciyar ta ce ajiya ce, in mun komo mu ɗauka. Duk suka yi kamar sun yarda.

Aka sa Inna da Baba gaba, mu yara saman buhuna. Da mota ta tashi na ce wa ƙannena bari su gani, gadon nan ƙafa huɗu gare shi, zai riga mu isa Sakkwato. Ba wanda ya yi dariya, ni ma bakina ne kawai ya faɗa.

Gadon yana nan tsaye a ƙofar gida cikin rana, ba katifa, ba kowa a kai. Na yi ta kallonsa har muka sha kwana. Inna, daga baya Baba ya gaya mini, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.