Mayafin Tasalla Masaƙiya

A gidanmu na Gaffati, da an idar da sallar magariba a lokacin sanyi sai a hura wuta a tsakar gida da kara da ɓawon gyaɗa. Kowa ya jawo ƙwaryarsa, mu yi ta ɓara, kakata Fanna tana ba mu tatsuniya. Ni aka sa wa sunanta, shi ya sa ba ta kirana sai Takwara. Ba ta fara tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta buga gwiwa ta ce, "Ga baƙuwa tafe, ku ba ta wuri." Mu kuma mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Akwai wadda ban manta ba, a shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama da Faransa. Babanmu ya kai gyaɗa Zinder, ƙanena Mamman kuwa, ɗan shekara biyu, zazzaɓi ya kama shi. Innarmu ta taɓa rasa ɗa a irin wannan sanyi, saboda haka ta lulluɓe shi da zane biyu, ta ɗora gwado, ta ƙara da bargon Baba. Yaro ya yi ta numfashi sama-sama, jiki kamar garwashi. Da rana Kaka ta ce a rage masa rufa. Inna ta sunkuyar da kai ta ce to, amma ko zare ba ta cire ba.

Da yamma Kaka ta sa aka matsar da wuta kusa da ƙofar ɗakin Inna, wai iska ta yi mata yawa a can. Sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a farkon duniya Ƙasa tsirara take kwana. Da rana, Rana ta ba ta ɗumi, da faɗuwarta ɗumin ya gudu sama, ruwan randa ya daskare, shuka ta mutu. Sai mutane suka je wajen wata masaƙiya, Tasalla, wadda take kaɗi da tururi da hayaƙi. Ta saƙa wa Ƙasa mayafi shara-shara, ido ba ya ganinsa. Hasken rana ya ratsa shi ya shigo, amma in ɗumi ya taso zai fita, mayafin ya tare rabi ya mayar. Gero ya yi zangarniya, kaji suka daina kwana a murhu.

"To kun san mutane," in ji Kaka. "Suka ce, ɗaya ma ya yi daɗi haka, ina ga biyu?"

Tasalla ta ce ɗaya ya isa. Suka ƙi ji. Kowane gida ya tara hayaƙi ya kai mata, ta saƙa na biyu, ta saƙa na uku. Zafi ya shiga ya rasa ƙofar fita. Tafkuna suka ƙafe, kaza ta yi ƙwai ya faɗo dafaffe. Nan muka fashe da dariya, yayana har ya zubar da ƙwaryarsa.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙasa tana haki, ba ta da bakin magana. Su kuwa ba mugunta suka yi mata ba, so ne ya yi yawa. Sai da Tasalla ta yaye biyu ta bar ɗaya, sannan Ƙasa ta yi gumi, ta yi barci."

Ba ta rufe baki ba muka ji motsi a ɗaki. Can sai ga Inna ta fito da bargon Baba da gwado a kafaɗa, ta rataye su a danga kamar mai shanya, ba ta dubi kowa ba. Ta ɗebi ruwa a ƙwarya da ɗan tsumma ta koma.

Kaka ta ce, "Takwara, miƙo mini gyaɗar nan, baƙuwa ta tafi."

Washegari Mamman ya sha kunu. Baba ya dawo da kinin, cikin kwana uku yaro yana bin 'yan tsaki.

Bayan an samu 'yancin kai, ina lakwal, wato makarantar boko, a Zinder, malaminmu da muke ce wa mushe ya yi mana darasin iska. Ya ce hasken rana yana wuce iska ya gasa ƙasa, ƙasa ta mayar da zafin sama, sai tururin ruwa da wata iska da ke fita daga duk abin da aka ƙona su riƙe wani kaso su dawo da shi. Ba don su ba, da duniya ƙanƙara ce. Ya ce shi ya sa daren da aka yi gajimare ya fi ɗumi. Da hutu na kai wa Kaka labari da ɗokina. Ta gama ji tana taunar goro, ta ce, "A kan wannan suka raba ni da ke wata tara? Da sun aiko, ai da na faɗa musu."

Na yi shekaru ina koyarwa, yanzu na tsufa. Ina jin rediyo na cewa hayaƙin injuna ya kaurara wannan rufa, kuma na ga bazarar Damagaram da idona. Amma in na tuna Kaka, abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ta gyara wa surukarta kuskure a gaban kowa, ba tare da ta kira sunanta ba. Na gwada haka da iyayen yara, na gwada da matan 'ya'yana. Har yau ban iya kamar ta ba, bakina yana riga ni.