Koriyar Kujerar Marlene Dudek

Ban taɓa son Marlene Dudek ba, kuma ba zan fara yanzu don ta tsufa ba. Gidana yana kallon nata a Layin Alder tun muna da baƙin gashi, ni da ita. Ni mai aski ne, Gus sunana, shagona yana bakin layin kusa da inda bas ke tsayawa. Abin da ban gani ta tagar gidana ba, masu zuwa aski kan kawo mini shi da zafinsa, ina aiki ina saurare.

A gidan nan aka haife ta. Ubanta ya yi aiki a masana'antar ƙarfe har ranar da aka sa mata kwaɗo, ita kuma ta auri Chet, direban motar burodi, bawan Allah marar magana wanda na tabbata hutu ya tafi nema da ya mutu. Marlene ba ta taɓa riƙe muƙami ba, ba ta taɓa tsayawa takara ba. Wakiliyar jam'iyya ce kawai a unguwa. Amma ranar zaɓe ita ke ɗora tukunyar miyar kabeji a ɗakin taron coci, ita ke tura motoci su kwaso tsofaffi zuwa rumfar zaɓe, kuma kafin yamma ta san wanda ya fito da wanda ya laɓe a gida. Kansilanmu, Ron Pelkey, mutum ne mai yawan murmushi da ƙarancin kai. Ya san da miyar kabejin nan yake cin zaɓe, don haka in Marlene ta buga masa waya a tsaye yake amsawa.

Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. In ka ɓata mata rai, sai ka ga jami'in tsafta a ƙofarka yana auna tsawon ciyawarka. Ko motar share titi ta turo dusar ƙanƙarar layin gaba ɗaya ta jibge maka a bakin ƙofa. Ni ma na ɗanɗana, shekarar da na ce wa wani da nake yi wa aski Pelkey bai iya karanta abin da yake sa wa hannu ba. Washegari aka zo duba wayoyin lantarkin shagona. In kun haɗu bayan nan, sai ta gaishe ka da fara'a, ta tambayi lafiyar iyali.

Gidajen layinmu manne suke da juna, babu mai gareji, kowa a titi yake ajiye mota. In dusar ƙanƙara ta sauka, ka fito da shebur ka haƙe gurbin motarka har bayanka ya ƙage, to gurbin naka ne har ta narke. In za ka fita sai ka ajiye kujera a wurin. Shi ke nan. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ɓarawon da zai sace maka batirin mota ba zai taɓa kujerarka ba. Na san wani da ya matsar da kujerar maƙwabcinsa tun kafin a haifi 'yata, har yau ba a amsa gaisuwarsa da kyau.

Kujerar Marlene koriya ce, ta ƙarfe, daga kicin ɗin uwarta. Bambancinta da namu shi ne ba ta shiga gida. Da sanyi tana titi, da bazara tana titi, alhali tun mutuwar Chet babu mota a gidan. Kuma ba a tsakiyar gabanta take ajiye ta ba. Tana tura ta daidai kan iyakarta da gidan da ke manne da nata, yadda babu motar da za ta samu shiga a gaban ko wannensu.

Gidan nan na Otis Renfro ne da matarsa Nadine. Otis ya yi ritaya daga tuƙa bas, dogo ne, mai taka ƙasa a hankali. Nadine ta yi shekaru tana girki a makarantar firamaren unguwa, rabin mazan da nake yi wa aski sun ci daga hannunta. Ciwon suga ya cinye mata ƙafa ɗaya, daga baya ya taɓa ƙoda, sai ya zama kwana bibbiyu Otis zai kai ta asibiti wankin ƙoda. Motarsa kuwa tana can ƙarshen layi, wajen shagona. A keken guragu yake tura ta har can, ko ana ruwa ko ana iska.

Abin da Otis yake nema bai taka kara ya karya ba. Shuɗin allon nan na masu naƙasa yake so hukumar gari ta kafa masa a ƙofar gida, don ya daina tura matarsa a kan santsi. Likita ya amince, ofis ya amince, saura kansila ya ce to. Nan maganar ta kwanta. Laifin Otis ɗaya ne: a zaɓen da ya wuce, wata yarinya 'yar cocinsu ta ƙalubalanci Pelkey, shi kuma ya kafa allon kamfen ɗinta a 'yar farfajiyarsa, inda Marlene take ganinsa kullum in ta buɗe labule. Yarinyar ta sha kaye ta koma aikinta, amma Marlene ba ta manta ba.

Otis ya gaya mini ya haɗiye girmansa ya je ya same ta, da hula a hannu.

"Madam Dudek, alfarma na zo nema. Ba don ni ba, don Nadine. Ki yi wa kansila magana."

"Ayya, Mista Renfro, ni wace ce? Tsohuwa ce kawai mai dafa miya. Ka gwada yarinyar nan taku, ai na ga kana da allonta. Ka gaishe mini da Nadine, kullum tana cikin addu'ata."

Da ya maimaita mini wannan, sai da na ajiye almakashi don takaici.

A watan Janairun nan aka yi ƙanƙarar da ta rufe makarantu. Ta binne motoci, ta binne koriyar kujera har ba a ganin samanta. Tun gari bai gama wayewa ba Otis ya fito da shebur. Mutum mai jikoki, ya haƙe gurbin nan shi kaɗai har sai da kwalta ta bayyana. Da ya tono kujerar, ya kakkaɓe ta, ya goge ta da hannun rigarsa, ya hau ya ajiye ta a barandar Marlene. Sannan ya je ya kawo motarsa ƙofar gidansa, karo na farko tun da suka tare a layin.

Ranar shagona ya zama kotu. Wasu suka ce ya taɓa kujera, kuma ba a taɓa kujera. Tsoho Vince, wanda ya girme mu duka, ya ce su rufe masa baki: sabuwar ƙanƙara tana shafe tsohon haƙƙi, gurbi na wanda ya yi gumi ne, kuma yana so a nuna masa mutum ɗaya da ya taɓa ganin Marlene da shebur. Ba wanda ya iya. Kafin azahar layin ya yanke hukunci, gurbin na Otis ne. Na yi farin ciki ranar, ba zan ɓoye ba.

Sai Otis ya ɓullo da wata dabara da kowa ya yaba. Zai turo Nadine zuwa bakin mota, ya ɗaga ta ya sa a ciki, ya bar kekenta a gurbin a madadin kujera. A asibiti akwai kekuna a bakin ƙofa, ba sai ya naɗe nata ya cusa a but ba, abin da ke kashe masa baya. In sun dawo, keken na nan yana jira, ya ɗora ta su shige. Wani baƙo da ya zo aski ya ce shi kam ba zai bar abu mai muhimmanci haka a titi ba. Muka yi masa dariya. A nan garin, wa zai taɓa abin da aka ajiye a gurbin da aka haƙe?

Marlene ta yi kamar ta haƙura. Koriyar kujera ta koma titi, amma a ɗan ragowar wurin da ke gabanta. Sai ga ta a zaman majalisar gari, da jan baki da jakarta ta zuwa coci, ta tashi a lokacin da ake ba jama'a dama. Ta ce kujerun nan da ake zubarwa a titi abin kunya ne, suna sa gari ya yi kama da bola, suna tare wa motar asibiti hanya. Marlene Dudek ce fa take faɗin haka. Waɗanda suka je sun ce ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ashe akwai wata tsohuwar doka da ta hana ajiye kaya a titi, wadda ba a taɓa aiki da ita ba. Pelkey ya ce lokaci ya yi. Ba a faɗi rana ba, ba a faɗi layin da za a fara ba, mu kuma muka ɗauka surutun majalisa ne irin na kullum.

Wata Talata da yamma na ga abin da ban taɓa gani ba. Marlene ta fito da kanta, ta ja koriyar kujera ta shigar da ita gida. Na ɗauka fenti za ta yi mata.

Laraba ranar wankin ƙoda ce. Ina shago, don haka abin da ya faru daga bakin Manny Quiles na ji shi, direban motar shara, wanda nake yi wa aski tun yana saurayi. An ba su umarni su kwashe duk abin da ke titi a Layin Alder. Suka bi suna jefa kujerun mutane, da bokitai, da wani tsohon teburin guga. Da suka iso kan keken, Manny ya tsaya. Ya ce wa shugabansu wannan ai keken mara lafiya ne, bari ya ɗora shi a baranda. Marlene tana tsaye a ƙofarta da kofin shayi.

"Ɗan nan, doka ba ta ware kowa ba. Duk abin da ke titi aka ce. Ko in kira kansila ya karanta maka?"

Shugaban ya san wace ce, yana kuma son aikinsa. Ya yi wa Manny alama da hannu ya jefa keken a motar. Manny ya ce har yanzu yana jin ƙarar ƙarfen keken lokacin da injin ya matse shi.

Da su Otis suka dawo, babu keke, kuma wata mota da ba mu san mai ita ba ta shige gurbin, tunda babu abin da ya nuna na wani ne. Ya zagaya ya zagaya, ƙarshe ya tsaya inda ya saba, wajen shagona. Nadine ta galabaita kamar yadda wankin nan ke barinta, sanyi kuma yana shigarta. Ina da mutum a hannu da kumfa a fuska lokacin da na hango Otis ya ɗauke ta a hannu kamar jaririya ya kama hanya. Na fito ina kiransa ya jira a samo abin ɗauka. Bai kai rabin layin ba ƙafarsa ta zame, suka faɗi. Ƙugunta ya karye. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da marasa lafiya da ke can bayan gari, likitoci suka ce matakalar gidansu ta fi ƙarfinta yanzu.

Jaridar gari ta buga labarin, zaɓe kuma ya matso. Ba a yi wata-wata ba sai ga ma'aikata sun zo sun kafa shuɗin allo a ƙofar Otis. Pelkey ya zo da kansa aka ɗauke shi hoto yana dafe da ƙarfen, Marlene a gefensa. Ta gaya wa ɗan jaridar cewa ta daɗe tana fafutukar ganin an kafa shi. Dokar kujeru kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba. Na so in ce layinmu ya rama ranar zaɓe, amma ƙarya ne. An dafa miyar kabeji, motoci sun kwaso tsofaffi, Pelkey ya koma. Waɗanda suka fi kowa zaginta a shagona na gan su da kwano a hannu.

Da bazara aka yi wa Marlene aikin gwiwa, likita ya ba ta shuɗin katin masu naƙasa da ake ratayawa a mota. Allo irin wannan ba na mutum ɗaya ba ne, duk mai kati yana iya tsayawa. Otis kuwa ba shi da hurumi, tunda katin na Nadine ne kuma ba ta cikin motar. Yanzu 'yar ƙanwar Marlene ce take ajiye motarta a wurin, ta kai ta coci, ta kai ta taron jam'iyya, ta dawo da ita har bakin ƙofa. In rana ta yi daɗi, Marlene kan fito da koriyar kujera ta zauna a gindin allon tana gaisa da masu wucewa.

Otis yana zuwa wajen Nadine kullum. In ya dawo, a gaban shagona yake ajiye mota, ya taka zuwa gida. Rannan yana kan kujerata na kasa daurewa, na ce masa ya je majalisa ya tona mata asiri, ni zan tsaya masa shaida, Manny ma ya ce zai tsaya. Ya daɗe yana kallon kansa a madubi.

"Gus, in na karɓo gurbin, wa zan sauke a wurin?"

Na gama masa askin, ya tashi ya fita. Na bi shi da kallo ta gilashi har ya kai ƙofarsa. Marlene tana zaune, ta ɗaga masa hannu, na kuma san abin da take cewa ko ban ji ba, don kullum shi take faɗa: ya gaishe mata da Nadine.