Man Gyaɗata da Yatsun Saje Manu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Oktoba 1954, a tsakiyar watan Safar, Allah ya karɓi ran Saje Manu, mai gyaran bindiga na Gusau, bayan zazzaɓin kwana biyar. Labarin ya iske ni a Kwatarkwashi ina kan dakali ina ba mutane dariya, sana'ar da ba ta taɓa cika mini rumbu ba. Kafin in isa Gusau an riga an kai shi.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga zaure sai in nufi gona, in na isa gona sai in juyo. Indo matata ta ce na zama kazar da ke neman wurin ƙwai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Tambaya da na bar elementare a aji biyu, ba don na ƙoshi da karatu ba, malamin ne ya ƙoshi da ni.

Saje, ka dawo daga yaƙin Bama ba ka zo mana da labarin jarumta ba. Kwalba ka zo da ita, ta man keken ɗinki, da gashin kaza a ciki. Turawan Gusau kan aiko maka da libarba, ƙaramar bindigarsu, ka wanke musu, amma kowace kaka sai ka hau kekenka ka bi Tsafe, ka bi Bungudu, ka zo mana, kana duba bindigogin manoma kafin birai su sauko daga dutse su faɗa wa dawa. Abin da kake karɓa furar gidan da ka sauka ne.

Karatunka gajere ne, ko ni na haddace. Bayan harbi a wanke cikin bindiga da ruwan zafi, a shanya ta a rana har ta bushe ƙayau. Ɗigo ɗaya a kan kunama, ɗigo ɗaya inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. A bi ciki da tsumma mai ɗan maiƙo, kafin ɗuri kuma a bi da busasshe. Man shanu, ka ce, ruwa ke cikinsa, tsatsa yake haifa. Man kaɗe da sanyi ya shigo sai ya daskare. Man gyaɗa kuwa danƙo yake zama, ya kira tururuwa biki. Nakan ce maka, "Saje, mu da muke noma gyaɗa, mu yi wa bindiga rowar mai?" Kai kuma ka ce, "Tambaya, bindiga ce, ba ƙosai ba."

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni.

Shekara shida ke nan, ka iske ni a gona da gajeriyar bindigar ƙugu da na gada wurin mahaifina. Na riga na shayar da ita man gyaɗa ludayi guda, don in nuna maka tawa dabara ta fi taka. Na ɗura, na auna wani ƙaton biri, na ja kunama. Shiru. Mai ya toshe kafar da wuta ke bi, ya jiƙa albarushi, wuta tana ci a hankali ban sani ba. Sai na juyo da bakinta ina leƙawa, kamar mai neman allura a gora. Ka kai mata duka da hannun dama. A hannunka ta tashi. Yatsa biyu ka bari a gonata, ni kuwa gira kaɗai ta babbake.

Muna hanyar asibiti ka ce, "Ka rufe bakinka. In hukuma ta ji, za ta karɓe bindiga, birai su cinye maka shekara." Ka gaya wa duniya wajen aiki ta tashi maka. Mai gyaran bindiga ya ɗora wa kansa kuskuren bindiga! Wasu suka daina kawo maka aiki. Ni kuma, don kada a zarge ni, na shiga cikin masu dariya. Sunan nan na Saje Takwas da ya bi ka har kasuwar Tsafe, daga bakina ya fito. Kakan amsa, har ka ɗaga hannun.

Na zaci magana ta bi ka kabari. Shekaranjiya na iske ɗana Ɗahiru, magidanci, matarsa Shafa'atu da ciki wata bakwai, ya shimfiɗa bindigar nan a kan tabarma da kwanon man gyaɗa a gefe. Dawa ta yi kai, birai sun fara ɓarna. Na fizge kwanon na karanta masa karatunka. Ya yi dariya.

"Baba, yau kuma wane wasa ne? Ai haka na ga kana yi ina ƙarami."

"Saje ya hana."

"Saje Takwas? Wanga da man kekensa ya ci mai yatsu? Allah ya jiƙan shi, amma gara naka."

Ka ji, Saje. Ƙaryar da na rena ta girma, ta zo tana neman fuskar ɗana. Kuma wanda ya shekara hamsin yana barkwanci, ran da ya faɗi gaskiya a ɗaki, dariya za a yi masa.

Jiya, ranar sadakar bakwai, na ja Ɗahiru zuwa Gusau. A ƙofar gidanka, gaban liman da maƙera da tsofaffin soja, na miƙe na faɗi yadda aka yi, tun daga ludayi har suna. Na jira dariya, ba wanda ya yi. Delu matarka ta aiko daga ciki cewa ta sani tun ranar, kai ka hana ta faɗa, kuma wata uku tana ba ka tuwo a baki. Muka kamo hanyar gida ni da Ɗahiru. Yau da safe na ji yana ce wa Shafa'atu ta ɗora ruwan zafi. Ya kwance bindigar, ya ce ba mai ɗura ta sai an samo man keke daga Gusau. Har yanzu bai kalle ni ba. Birai na can suna ci, su ci.

Allah ya jiƙanka, Saje Manu, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya tashe ka da hannunka cikakke. Inna Delu, da 'ya'ya, da 'yan'uwa na Tsafe, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Sunan da na laƙa masa kuwa, ina roƙon kowa ya bar shi daga yau. Wanda bakinsa ya yi ƙaiƙayi ya zo Kwatarkwashi ya raɗa mini nawa, zan amsa.