Sabon Huji a Ɗamarar Kadangare

A kamfanin wutar lantarkin da yake aiki babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kadangare ake ce masa, tun daga mai gadi har shugaban sashe, kuma sunan ya zauna masa daram. In ya dafa turken wuta, kafin ka ɗaga kai sai dai ka hango tafin takalminsa. In kuma ana yi masa magana, ba ya daina gyaɗa kai, ko ya ji ko bai ji ba. Matarsa ta sha cewa da za a gaya masa gidansu ya kama da wuta, sai ya gama gyaɗa kai sannan ya tambayi wane gida.

Tun yana saurayi ya shiga aikin, yana ɗaukar wa manya tsani, har shi ma ya kai ga hawa, ya yi furfura a saman turke. Ya ga mazaje sun sauko sun ce sun yafe, shi kuwa can sama yake yin fito abinsa yana ɗaure waya. Mutum ne mai jiki, mai kaurin wuya, in ya zauna gaban kwano sai ka rantse wata tsohuwar gaba ce tsakaninsu. Tsawo bai taɓa ba shi tsoro ba. A ƙasa ya koyi tsoro, a wani ɗakin asibiti, a gefen gadon yayansa.

Yayan nan nasa shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, kuma ciwon suga ya daɗe yana cinsa. Wani ɗan ƙurji ne ya fito masa a babban yatsa, abin da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Ƙurjin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari, daga ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kadangare ne ya yi jinyar. Shi yake goya Yaya zuwa banɗaki, shi ya naɗe masa ƙafar wando ya soke da fil ranar da aka sallame su. Warin ɗakin nan bai bar hancinsa ba har yau, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Saboda haka ranar da aka yi wa ma'aikata gwajin lafiya, likita ta dubi takarda ta ce masa sugansa ya hau, sai ya ji kujerar ta yi masa sanyi. Likitar ba ta ɓoye masa komai ba, ba ta kuma firgita shi ba.

"Malam, abin bai yi nisa ba," in ji ta. "Ka rage shinkafa da burodi da taliya da dankali, ka bar kayan zaƙi. Amma ka saurare ni da kyau, aikinka na ƙarfi ne. Gurbin da suka bari dole ka cike shi da ƙwai, kifi, nama, gyaɗa, piya, ganye da ɗan mai. Kuma maganin nan, kada ka sha shi ka zauna da yunwa."

Kadangare ya gyaɗa kai, ya gyaɗa, ya ƙara gyaɗawa. Idonsa kuwa yana kan takalminsa, yana motsa yatsun ƙafarsa a ciki don ya tabbatar suna nan.

Da ya koma gida ya tara iyalinsa ya kafa doka. Ba shinkafa, ba burodi, ba suga a shayi. Wannan duk daidai ne, kuma matarsa ta karɓa da hannu biyu. Sai dai mai tsoro ba ya sanin inda ake tsayawa. Maƙwabcinsu mai gyaran agogo ya ce ai man girki shi ne babban makashi, aka cire mai. Wata ƙanwar matarsa ta ce ta ji gyaɗa tana toshe jijiya, aka cire gyaɗa. Direban motar aikinsu ya ce gwaiduwar ƙwai guba ce, aka koma ba kyanwa gwaiduwa. Duk wanda ya zo da shawara sai ya ɗauke wani abu daga farantin Kadangare, ba a taɓa samun ɗan albarkar da ya zo ya ƙara ba. A ƙarshe abin da ya rage masa shi ne kabeji da kokwamba da ɗan ɓarin kifi dafaffe, fari fat, ko gishirin kirki babu.

"Baban yara, wannan fa ko zomo aka ba sai ya nemi ƙari," matarsa ta ce masa wata rana, tana tsaye da faranti a hannu.

"Ke dai ajiye. Kin ga ƙafar Yaya ko ba ki gani ba?"

"Na gani. Amma likita ce ta ce ka daina cin abinci gaba ɗaya?"

"Na'ura ta fi ki sani."

Na'urar awon suga ce yake nufi, 'yar ƙarama mai kamar akwatin ashana. Kullum da safe sai ya soki yatsa ya ɗiga mata jini, ya zuba mata ido ko numfashi ba ya yi. In ta nuna suga ya sauka, sai ya ji kamar an yi masa afuwa ta yini guda. Daga nan ya zauna bakin gado da madubin askinsa yana leƙa tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Ko sauro ne ya cije shi a ƙafa, ranar ba mai jin dariyarsa.

Na'ura ta yi ta yi masa albishir, jiki kuma ya yi ta zagwanyewa. Da farko mutane har barka suke yi masa, wai ya koma saurayi. Daga baya suka daina, suka koma kallonsa ta gefen ido. Wuyan riga ya yi masa yawa. Sanyi yake ji da rana tsaka. Matakalar benen da suke haya, wadda a da yake hawa da buhu a kafaɗa, yanzu sai ya tsaya a tsakiya yana yi kamar igiyar takalmi yake gyarawa. Autarsa ta ruga ta ɗale masa wuya kamar yadda ta saba, suka tafi tare suka zube kan kujera. Ya mayar da abin wasa, amma matarsa ba ta yi dariya ba.

Sai maganar ɗamara. Duk mai hawa turke yana da ɗamarar fata mai kauri da yake ɗaurawa a ƙugu, da madauri da yake zagayo turken da shi. In ya kai sama sai ya jingina da baya ya saki hannayensa biyu ya yi aiki, ransa gaba ɗaya yana rataye a jikin fatar nan. Dokar kamfani a fili take: ba a yanka ɗamara, ba a ɗinke ta, ba a ƙara mata huji. In ta yi maka yawa ka mayar wa mai sito ya ba ka daidai kai. Kadangare ya bi hujojin ɗamararsa ɗaya bayan ɗaya har ya kai na ƙarshe, kuma ko a nan tana zame masa zuwa cinya.

Ya san abin da zai biyo baya in ya je wurin mai sito. Mutumin zai dube shi sama da ƙasa, magana ta kai ofis, a tura shi gwaji, a sauke shi daga turke a ba shi kujera kusa da mai gadi. Shi kuwa ban da hawa bai iya komai ba. Don haka wata safiya matarsa ta shigo kicin ta tarar da shi ya riƙe ƙusa da filaya a kan wutar murhu, ɗamara na shimfiɗe a kan katako. Ƙaurin fata ya cika ɗakin.

"Me kake yi haka?"

"Ɗan gyara ne."

"Ba kai ka ce min ba a taɓa ta ba?"

Ya ɗaga filayar daga wuta. Ya danna jar ƙusar ta ratsa, hujin ya fito a karkace, kusa da gefe. Ta bi shi har bakin matakala da dafaffen ƙwai a leda, ya ce ta ba yara.

A ranar ne iska ta tsinka waya a wata mararraba mai cunkoso, aka tura su su uku: shi, da Direba, da wani dattijon abokin aikinsa da ake kira Tsoho, wanda gwiwa ta hana shi hawa sai riƙe tsani da miƙa kaya. Kadangare ya sha maganinsa tun da safe a kan 'yan yankan kokwamba. Rana ta take lokacin da aka tabbatar an kashe wuta, ya kama turke.

Tun a tsakiyar hawa ya san ba lafiya. Gumi mai sanyi ya keto masa, zuciyarsa ta shiga bugu kamar za ta fasa ƙirji. Ya dai daure ya kai sama, ya zagayo madauri, ya jingina. Ya ɗauko filaya, sai ya ga hannun nasa yana kaɗawa shi kaɗai kamar na wani. Wayoyin gabansa suka rabu biyu suka sake haɗewa. Ƙarar motocin ƙasa ta yi nisa. Filayar ta suɓuce, ya ji ta daki kwalta can ƙasa.

Daga nan ya ji wata 'yar ƙara a ƙugunsa, siririya, irin ta yagewar tsohon takalmi. Ɗamarar ta saki kaɗan. Ya sunkuya ya duba, ya ga sabon hujin ya buɗe baki yana tafiya wajen gefe.

Kadangaren da bai taɓa rungumar turke ba ya rungume shi da hannu da ƙafa, ya manna kumatunsa da siminti mai zafi. Salati yake son yi, harshe ya yi nauyi. A karon farko a rayuwarsa ya dubi ƙasa ya ga nisanta.

"Kadangare! Kai, Kadangare! Kar ka saki!"

Tsoho ne. Mutumin da ya yi shekaru bai taka tsani ba ya hawo yana nishi, igiya a kafaɗa, Direba na danne da gindin tsanin, jama'a sun fara taruwa. Tsoho ya zagaye shi da igiya ya ɗaure da turken tamau. Ya dubi fuskarsa, ya ga gumin da rawar leɓen, ya gane, don matarsa ma da ciwon take zaune. Ya laluba aljihu ya ɓare alewa.

"Buɗe bakinka."

Kadangare ya ga alewar, ya datse haƙora. Yana rataye tsakanin sama da ƙasa a jikin yagaggiyar fata, amma abin da ya tsaya masa a ido ƙafar wandon Yaya ce da fil a soke.

"Suga ce," ya ce da ƙyar.

"Na san suga ce, da gishiri na ce maka? Buɗe, don Allah! Ƙafa kake tsoro? In ka faɗo daga nan wace ƙafar za a tsinta?"

Ya buɗe. Hawaye na bin fuskarsa yana tsotsar alewa kamar yaron da aka yi wa allura. A hankali wayoyin suka koma daidai, aka sauko da shi da igiya.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ta ɗora shi kan sikeli, ta tambayi matarsa abin da yake ci, sannan ta juyo gare shi.

"Cewa na yi ka canza abin da ke cikin farantin, ban ce ka kife shi ba," ta ce. "Jikin da ke hawa turke sai da abin da zai ƙona. Ka hana shi shinkafa, ka hana shi mai, sai ya koma cin naman jikinka. Ga magani kuma yana ta jan sugan ƙasa."

Ta rage masa maganin, ta ce ba shi ba hawa sai ƙarfinsa ya dawo. Wannan karon matarsa ce ta gyaɗa kai, shi ya kasa.

Ya koma gida, amma tsoro bai san an je asibiti ba. Aka kawo masa ƙwai soyayye, ya juya shi da cokali, ya ga man yana ƙyalli, ya ture. Matarsa ta shiga ɗaki ta yi waya.

Da la'asar suka ji ƙwas, ƙwas a matakala, ana hutawa ana ci gaba. Yaya ne da sandunansa, ya hawo benen da bai taɓa hawa da kansa ba tun da aka yi masa aiki. Ya zube kan kujera yana haki, ya ce a kawo masa ɗamarar. Ya juya ta, ya zura yatsa cikin yagewar, ya ga saura ƙiris ta rabu. Ya ajiye ta a cinyarsa.

"Ni sakaci na yi, na ƙi jin magana, aka ɗauki ƙafa ɗaya," ya ce. "Kai kuma don kada a ɗauki ƙafa za ka miƙa mutum sukutum. A kawo abincin."

Aka dawo da farantin: ƙwai, kifi, piya, kabeji da ɗan mai, da gyaɗa a gefe. Kadangare ya ci loma biyu yana jin kowace tana sauka kamar za ta zarce yatsan ƙafarsa. Ya ajiye cokali ya ce ya ƙoshi. Yaya bai matsa masa ba. Suka yi 'yar hira, sannan ya jawo sandunansa ya ce zai tafi.

Saukar bene ta fi ƙarfin mai sanduna, kowa a gidan ya sani. Kadangare ya tashi ya durƙusa a gabansa ya ba shi baya, kamar yadda ya yi masa sau ba adadi a asibiti.

"Hau, Yaya."

Yaya ya dubi ƙasusuwan da suka turo rigar, ya dubi siraran damatsan. Ya juya wajen matar ƙanen nasa.

"Kira min maƙwabcinku ya sauke ni. Ƙafa ɗaya ta rage min, ba zan ba mai jin yunwa ajiyarta ba."

Kadangare ya daɗe a durƙushe, yana jin saukarsu a matakala har ƙarar ta ɓace. Sannan ya koma ya zauna, ya jawo farantin. Ƙwan ya huce, tsoron kuma har yanzu yana nan. Ya ɗauki cokali ya fara daga gwaiduwar.