Wayar da Sunday Ya Nuna Mini

Da za a dawo mini da rana ɗaya a rayuwata, Talatar da na je garejin Sunday mai rewaya, wato gyaran wayoyin mota, a Jalingo zan zaɓa. Ya shiga ƙarƙashin motata ya fito yana kaɗa kai. "Baba, wannan waya naka ya mutu. Ka bar mota ya kwana, gobe ka ɗauka." Na ce masa na fara tuƙa motar nan tun bai iya ɗaura wando ba. Ya ce, "To ai shi ne, Baba. Waya ma ya tsufa kamar kai." Na hau na tafi. Ba rashin hali ne ya hana ni ba. Ban so sa'an ɗana ya koya mini motata ba ne.

Tsohuwar motar daji ce, irin wadda malaman gona ke yawo da ita a da. Ciwonta ɗaya, tashi. Siririyar wayar da ta taso daga makulli zuwa sitata na ƙulla ta wuri uku, na naɗe da ledar burodi. Mai kaurin da ta haɗa batir da ƙarfen mota kuwa, wadda Sunday ya nuna, ban ko kalle ta ba. Ina da dabarata. Kullum a kan gangarar bakin tsamiya nake ajiye ta. In sake ta, in sa giya ta biyu, ta yi tari ta kama. Duk ƙauyenmu da ke kan hanyar Lau an san ni da haka.

Ranar da abin ya faru, lokacin sussukar shinkafa ne. Bayan sallar asuba na kai wa yayana Hamma Buba kunu a gidansa da ke can arewacin gari, bayan rijiya. Shekara huɗu ke nan idonsa ya tafi. Ya ce, "Tun daga tsamiya na ji tarin budurwarka." Muka yi dariya. Ƙarfe tara na gangara da motar zuwa masussuka, wani kwari da ke bayan gidana, don a loda buhuna. Na kashe ta a can, na ce in an gama masu aiki za su tura ni. Ƙarfe goma sha ɗaya aka gama lodi. Masu aiki suka tafi rafi wanka.

Sha ɗaya da minti ashirin muka ji harbi na farko daga gabas. Na ɗauka maharba ne. Sai na biyu, sai ƙarar babura da yawa. Har yau ban san ko su wane ne ba, kuma ba zan laƙa wa kowa ba. Danjuma maƙwabcin Hamma ya bugo mini yana haki. "Alhaji, in kama hannun Hamma mu bi gona?" Na ce, "Bar shi! Ƙafarsa ba za ta kai ba. Ce masa ya jira a ƙofa, ga ni nan da mota."

Matata Dudu da surukata Hauwa da 'ya'yanta biyu suka rugo suka shiga motar. Na murɗa makulli. Ƙat. Na sake. Ƙat. Na danna hon, ya yi kuka sosai. Wato batir da wuta. Na buɗe bonet, na ɗauki dutse na bubbuga kawunan batir. Na dawo. Ƙat.

Na yage ledojin nan uku da haƙori, na sake murɗe kowane ƙulli. Waya ta soke ni a yatsa. Sha ɗaya da rabi ta wuce da minti biyu. Ƙat. Na zaro sukundireba na haɗa bakin sitata kai tsaye, kamar yadda na saba in gangara ta ƙi. Wuta ta ɗan yi tartsatsi, sitata ta yi nishi rabi ta tsaya. Na zagi motar, na zagi kaina.

"Ku sauko! Tura!" Mu uku muka sa kafaɗa. Ƙasa ta yi laushi, kowane gefe tudu ne, ga shinkafa a baya. Muka ture buhu huɗu. Ta matsa taku ɗaya ta dawo. Mutane na wuce mu a guje da yara a kafaɗa. Babu wanda ya tsaya, kuma ban ga laifinsu ba. Sha biyu saura minti ashirin hayaƙi ya rufe kasuwa. Harbin ya koma arewa.

Sai a lokacin na kwanta a ƙasa na leƙa inda Sunday ya leƙa. Ga ta nan. Mai kaurin ta ci tsatsa ta zama kore, sili biyu kawai ke riƙe da ita. Na sa sifana, notin ya ƙi motsi. Na fizge wayar, na kankare bakinta da wuƙa. "Dudu! Danna wannan a jikin injin. Kar ki saki!" Ta naɗe hannunta da bakin mayafi ta danna. Na murɗa. Sha biyu saura minti goma sha ɗaya motar ta tashi. Na ji ƙaurin tsumma. Dudu ta rufe bonet ta shigo.

Na nufi arewa. A bakin rijiya na tarar da shingen kara yana ci da wuta, ya faɗo kan hanya. Bayansa babura uku da mutane tsaye. Ina hango kan darbejiyar ƙofar Hamma, bai fi taku ɗari biyu ba. Harsashi ya fasa gilashin gefena. Hauwa ta ce, "Baba, yara!" Na juya.

Na bi ta cikin gonaki, ƙafata a kan totur, don in ta mutu shi ke nan. Wasu suka maƙale a baya, ban san adadinsu ba. Ƙarfe ɗaya muka hau kwalta. Ban kashe ta ba sai a ƙofar gidan ɗana a Abbare. A nan na ga tafin hannun Dudu ya saluɓe.

A rana ta uku muka koma tare da jami'an tsaro. Mun sami gawar Hamma a ƙofar gidansa, kusa da kujerarsa. Takalmansa na ƙafarsa, hularsa na kansa. Sandarsa na gefe, da 'yar leda mai maganinsa. Ya shirya. Danjuma ya ce duk da abin da na faɗa sai da ya kama hannunsa, Hamma ya janye. Ya ce wa Danjuma ƙanensa ya ce yana zuwa, kuma zai ji tarin motar tun daga nesa.

Daga rijiya zuwa ƙofar nan ana jin injin. Na gwada. Ya ji zuwana, ya ji juyawata.

Bayan sadakar bakwai na kai wa Sunday motar. Bai tuna mini komai ba. Ya canza wayar cikin minti goma sha biyar, ina tsaye ina duba agogo. Yanzu murɗa ɗaya take tashi. Ba ni da inda zan je da ita.

Roƙona ga wanda ya karanta, in mai aiki ya nuna maka waya ya ce ta mutu, ka bar motar ta kwana. Kuma kada ka ce wa kowa ya jira ka da abin da ka san bai tashi sai an tura. A sa Hamma Buba a addu'a.